Ƙararrawar Ɗakin Innarki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi, wadda ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiranta da sunanta na yanka ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Abdulƙadir, ina gaida jikana Muhammadu wanda bai san komai a duniya ba tukuna sai nono da barci. Allah Ya sa motar da ta ɗauke ku daga Gadarif ta sauke ku Doka lafiya. Allah Ya sa kun shiga sabon gidan da ƙafar dama, Ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Wannan takarda za ki same ta a cikin kwalin da na ɗaure da jar igiya, wanda na ce kada ki buɗe sai kin isa. Kin ɗauka kofunan shayi ne, na bar ki a haka. Ƙararrawa ce guda biyu a ciki, irin wadda ke kuka idan ta ji hayaƙi, take kuma kuka idan ta ji gubar gawayi. Na san abin da za ki yi da kin gan su. Za ki mayar da murfin, ki tura kwalin ƙarƙashin gado, don kin sha faɗa mini cewa abin nan ba ya hana komai, tunda bai hana a ɗakin Innarki ba. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki tura. Kwana shida na yi ina rubuta ta a shago bayan la'asar, saboda abin da ke cikinta ya fi ƙarfin in faɗe shi ina kallon idonki.

Ba labarin gari zan ba ki ba, jiya kika bar shi. Kurakuraina zan jera miki, ki ga inda na faɗa don kada ki taka wurin.

Na farko shi ne ɗakin. Mu a gutiya muka taso, ɗakin ciyawa mai zagaye, irin wanda kakanninmu suka gina da suka yada zango a nan kan hanyar Makka, zangon da har yau ba a tashi ba. Idan sanyi ya shigo bayan an yanke dawa, kowace uwa takan shigo da kanun ɗaka, wato murhun gawayi na ƙarfe, a zagaye garwashi, a kwanta a gefensa. Ban taɓa jin wanda ya mutu a haka ba. Ban kuma taɓa tambayar dalili ba, alhali dalilin yana bisa kaina: ciyawa tana shan iska ta ko'ina, ƙofar ma asabari ce. Shekarar da kasuwa ta yi mini kyau na ce Innarki ta gama zama a ciyawa. Na gina mata ɗakin bulo, na rufa kwano, na sa silin, na sa taga mai gilashi. Ƙofar ƙarfen da hannuna na ƙera ta, na zauna ina goge gefenta har sai da ta rufu ruf, ko ƙadangare ba zai samu hanya ba. 'Yan ramukan iska biyu da magini ya bari a sama kuwa, damina ɗaya sauro ya dame mu, na hau na cusa musu buhun siminti. Ina ta kawo mutane su ga ɗakin. Mun sauya ɗaki, ba mu sauya al'adar gutiya ba, kanun ya ci gaba da shiga ciki kamar da.

Ranar da Abdulƙadir ya zo yana ba ni labarin gidan da aka ba shi kusa da garejin taraktoci, yana cewa bulo ne, kwano ne, tagogin ma ba sa shigar da ko ƙura, gabana ya faɗi. Muryata na ji a bakinsa. Na ce masa madalla. Ke nake faɗa wa yanzu: kada garwashi ya shiga ɗakin kwananku, komai sanyi. Ki ƙara wa yaron bargo, ki sa masa hula da safa, ki rungume shi. Idan akwai ramukan iska a saman bango, ki sa a rufe su da raga saboda sauro, kada a toshe. Shi kuma abin da mata ke yi na zaman hayaƙi ba hurumina ba ne in shiga, amma ki yi shi a rumfar tsakar gida inda iska ke wucewa, kuma wata ta san kina wurin.

Na biyu shi ne abin da na koya wa mutane. Shekara arba'in ina ƙera kanun a kasuwar Gadarif, ana kirana Usta Haruna, wato gwanin sana'a, kuma babu wanda ke yi mini gardama a kan gawayi. Duk matar da ta sayi kanun a wurina nakan ce mata, "Ki bar shi waje ya gama hayaƙi. Idan ya nuna ja, halas, shi ke nan, shigar da shi, ba ruwansa da kowa." Haka na ji daga maigidan da ya koya mini aiki, haka na faɗa wa ɗaruruwa, haka na faɗa wa Innarki. Ƙarya ce, Ummi. Hayaƙi ma yana da kirki, don yana sa ka tari ka tashi ka buɗe ƙofa. Jan garwashin nan mai tsabta shi ke fitar da gubar da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye. Kai kawai take sarawa, ta kashe jiki, ta kawo barci. Ke kin san wannan tun kina makarantar jinya, kin kuma faɗa mini a lokacin, na ce yarinyar da ba ta taɓa hura zuga-zugi ba, ba za ta koya mini wuta ba. Yanzu idan na zauna a shago nakan tuna fuskokin matan da na yi wa wannan bayani. Ban san ɗakunan da maganata ta shiga ba, ba ni kuma da hanyar bin ta in dawo da ita.

Kada ki karɓi magana saboda furfurar mai ita, ko da tawa ce. Idan tsofaffin Doka suka ce miki haka suka saba tun kaka da kakanni, ki tambaye su a wane irin ɗaki kakannin suka kwana.

Na uku kin san rabinsa. Ke kika roƙi kawunki Sule ya taho da ƙararrawa daga Jidda, da ya zo ganin gida. Ke kika hau kujera kika kafa ta a bangon ɗakin Innarki, kika danna maɓallin ta yi ƙara har kajin gidan suka watse. Innarki ta toshe kunne tana dariya, ta ce, "Wannan ai ta fi ladanin unguwa murya." Ni ina bakin ƙofa na ce an kawo mana baƙuwar da ba ta cin abinci sai tsegumi. Kin yi murmushi, amma na ga maganar ta sosa miki rai. Washegari kika koma asibitin da kike koyon aiki a Fau, kika bar mini amana ɗaya, kika ce, "Baba, kada kowa ya taɓa ta."

Ba ta yi sati ba ta kunyata ni, a ganina na lokacin. Abokaina uku na kasuwa suka zo shan jabana, gahawarmu ta nan, Innarki ta sa turaren wuta a kasko don karrama baƙi, ta ajiye shi daidai ƙarƙashin abin. Sai ga kuka. Ɗaya daga cikinsu, mai sayar da buhuna, ya riƙe ciki ya ce, "Ya Usta, ɗakinka ma ya gaji da kai, ga shi yana ihu." Kwana uku ana maimaita wannan a layinmu na maƙera. Ni da ake tambayata a kan wuta, an ce roba ce ke gadina. Abin da ya kamata in yi bai wuce in ce a matsar da kaskon turare ba. Maimakon haka na ƙulle abin a raina, na fara kallon ƙararrawar kamar ita ta zage ni.

Sai wata safiya ta sake kuka, wannan karon babu turare, babu hayaƙi ko kaɗan. Kanun ne kawai a tsakar ɗaki, garwashi ja jawur, ƙofa a rufe, Innarki tana dafa jabana. Kukan ma ya sha bamban da na farko, yana yi yana tsayawa. Na duba sama, na duba ƙasa, na shinshina, ban ji komai ba. Na buɗe ƙofa ina faɗa, bayan ɗan lokaci ta yi shiru. Na ce wa Innarki, "Kin gani? Ta lalace. Tana kuka ba dalili." Innarki ta ce, "Ni dai kaina ke sarawa tun ɗazu, Malam. Ko a kira Ummi a tambaye ta?" Na ce zazzaɓin sauro ne, na aika aka sayo mata ƙwaya. A ranar abin nan ya faɗa mini gaskiya da iyakar ƙarfinsa, matata ma ta faɗa mini da bakinta, na ƙaryata su duka biyu.

Ki riƙe wannan da kyau. Idan ta yi kuka ba ki ga hayaƙi ba, wannan ne kukan da ya fi hatsari. Kada ki tsaya shinshina, kada ki tsaya neman mayafi. Ki ɗauki yaron ki fita, ki bar ƙofa a buɗe, ki kira mutane daga waje. Idan kuka wayi gari kai na sara muku ku duka, ko ana jin jiri da tashin zuciya, in an fita tsakar gida abin ya lafa, in an koma ɗaki ya dawo, ba sauro ba ne. Ku tafi asibiti, ku faɗa musu akwai garwashi a ɗakin. Ina koya wa ma'aikaciyar jinya aikinta, na sani, ki yi haƙuri da ni.

Yanzu ga rabin da ba ki sani ba. 

Kin san ƙaramin rediyona mai baƙar riga, wanda nake ratayawa a shago. Lokacin nan ne da komai ya yi wuya, layin burodi ya kai bakin titi, wuta sai ta ga dama, kowa kunnensa na kan labarai. Da yammacin ranar da na ce ƙararrawar ta lalace, baturan rediyon suka mutu. Shagon unguwa ba su da su. Na shiga ɗakin Innarki tana sallar magariba, na hau kujerar nan da kika hau, na murɗe ƙararrawar, na cire batura biyun da ke cikinta, na mayar da ita bango kamar ba a taɓa ba. Na ce a raina gobe zan sayo wasu in mayar. Innarki ba ta gani ba. Goben ta zo na manta, jibi na tuna na ce ai lalatacciya ce. Kwana goma sha ɗaya tana manne a bango, fanko.

Rana ta goma sha biyu an tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Na dawo daga sallar asuba na tarar Innarki ta shigo da kanun, ta ɗora jabana. Ta zuba mini na sha a tsaye. Ta ce kanta bai sake ta ba, za ta ɗan kishingiɗa kafin rana ta ɗaga. Ni na ja mata ƙofar, na ma ƙara turawa sai da na ji ta shiga, don kada sanyi ya dame ta. Na tafi kasuwa. Da hantsi na dawo cin fatur, karin kumallo, rediyon yana hannuna yana magana. Na ga kaji ba a sake su ba, tsakar gida ba shara. Na tura ƙofar. Tana kwance a gefenta na dama, carbi a hannu, kofinta da saura a ciki, garwashin ya zama toka. Na kira ta sau uku kamar yadda nake kiranta, na taɓa ƙafarta. Rediyon yana ta karanta farashin riɗi.

Likita ya ce gubar gawayi ce. Mutane suka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa, ajali na Allah ne, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma hannun da ya cire baturan nawa ne, kuma shi za a tambaya.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce wauta ce ta tsoho. Abin da ya biyo baya ba wauta ba ne. Ana can ana haɗa likkafani, mata sun cika tsakar gida, na shiga ɗakin na rufe, na buɗe bayan rediyo, na mayar da baturan inda na ɗauke su. Ba wanda ya sa ni. Tsoronki ne ya kama ni, tsoron ki zo ki buɗe ki ga fanko. Kika iso daga Fau bayan an dawo daga maƙabarta, ko mayafi ba ki cire ba kika wuce ɗakin, kika hau kujera, kika danna. Ta yi kuka lafiya lau. Kika sauko kika zauna a ƙasa, kika ce, "To me ya hana ta? Ni ce, Baba. Na kafa ta nesa da gado. Da na sa ta ta wancan gefen, da ta ji." Ina tsaye a kanki. Kalma biyar za ta ishe ni in sauke miki wannan kaya. Na ce, "Malesh, yi haƙuri Ummi, haka Allah Ya so."

Shekara uku ke nan. Ina kallo kika ajiye karatun jinya, kika ce wadda ta kasa tsare uwarta ba ta da abin da za ta tsare wa wasu. Ina kallo kika cire ƙararrawar kika jefa a kwandon shara. Kika zauna kina dafa mini abinci, kina wanke mini riguna, kika ja bikinki har shekara guda saboda kada a bar ni ni kaɗai. Da kika ga na daina kunna rediyo kika ɗauka jimami ne, har kika ce wa gwaggonki, "Baba ya fi kowa jin mutuwar nan." Duk loma da na ci daga hannunki a shekarun nan, na ci ta ne da wannan a maƙogwarona. Sau da yawa na buɗe baki. Ranar ɗaurin aurenki na yi niyya, ranar sunan Muhammadu na yi niyya, sai in ga yadda kike kallona in fasa. Na fi son ki ci gaba da ganina uba a kan ki samu sauƙi. Ban san sunan da ake kiran mutum irin wannan ba, amma ni ne.

To ki ji da kyau. Ba ki yi kuskure ba. Inda kika kafa ta daidai ne, ta kuma ji, ta yi kuka kwana goma sha biyu kafin ranar, ni na rufe mata baki. Nasihar da ke cikin wannan ba ni da fuskar yin ta, amma ga ta: idan kika yi laifi a gidanki, ki faɗe shi ranar da kika yi, kafin wani ya ɗauka ya ɗora wa kansa.

Abin da ya sa na yi magana yanzu ba jaruntaka ba ce. Watan jiya na ji Abdulƙadir ya ce ko a nemi irin ƙararrawar nan saboda yaro, kika ce masa, "Bar shi, mun gwada, ba ta aiki." Sai na gane ƙaryata ba ta tsaya a kabarin Innarki ba, ta shirya kaya za ta bi ku Doka, ta shiga ɗakin bulo tare da jariri ɗan wata huɗu. Kuma na ga kanun a cikin kayanki, wanda na ƙera miki da kaina.

Washegari na shiga neman ƙararrawar. Na zagaye shagunan kayan wuta na kasuwa kaf. Yawancinsu ba su ma san abin ba, ɗaya ya miƙo mini ƙararrawar ƙofa. Wani ya fito da wata daga ƙasan kanta, ya hure ƙura, ya ce, "Ga ta, ya Usta, tamam." Na juya ta, ta hayaƙi ce kaɗai. Na ce ina son mai ji biyu. Ya ce, "Duk ɗaya ne, ya zol, wuta ai wuta ce." Na ajiye masa na fita, don maganar da zan faɗa ba ta dace da kasuwa ba. Ki sani, ba ɗaya ba ne. Mai ji biyu za ki ga haruffan boko biyu a jikinta, C da O, kuma takardarta za ta ambaci hayaƙi ta ambaci iskar gawayi, kowanne da sunansa. A bayanta akwai ranar da aka yi ta. Abin nan yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, hancinsa yana mutuwa, takardar ta faɗi shekarun da yake yi. Idan sun cika ki yar, ki nemi sabo, ko da maɓallin yana ƙara. Da wannan takunkumi da aka ƙaƙaba wa ƙasa, tsofaffin kaya da na jabu sun cika kasuwa, sai kin duba da idonki.

A ƙarshe wani direba mai kai riɗi Khartum ya samo mini. Na farkon da ya kawo ranarsu ta tsufa, na mayar, ya yi mita ya sake komawa da su. Na biyun su ne waɗannan. Uku na sa ya kawo. Ta ukun na gwada ta yadda zuciyata za ta yarda: na hura gawayi har ya nuna ja, irin wanda na shekara arba'in ina cewa ba ruwansa da kowa, na sa shi a cikin tsohuwar durom tare da ita, na rufe. Babu hayaƙi ko na sigari. Na zauna ina jira, rabin zuciyata tana fatan kada ta yi kuka, don in samu abin da zan riƙe. Ta yi. Maƙera suka ajiye guduma suka taho kallo, suka tarar da ni zaune a ƙasa ina kuka tare da ita. Wannan ƙarar za ta tashi mai barci, Ummi. Da ta tashi Innarki. Ke kada ki gwada taki haka, maɓallin ya isa. Waccan tana ɗakina yanzu, ko da yake ban ga abin da ya rage a ɗakin da ya cancanci gadi ba.

Ga yadda za a kafa su, na karanta ɓangaren Larabci na takardar har na haddace. Ɗaya a ɗakin da kuke kwana. Ɗaya a falon da ke tsakanin ɗakin da madafa. A sama za a sa su, a silin, ko a bango kamar taƙi ɗaya ƙasa da silin, saboda hayaƙi sama yake hawa. Kada a cusa su a kusurwa, kada a sa su bakin taga ko kusa da fanka inda iska za ta kore abin da ya kamata su ji, kada labule ya rufe su. Ki nisanta su da murhu da inda kike sa turare kamar taku huɗu manya, don kada su riƙa kuka a banza har wani ya ji haushinsu, kin ga inda haushi ya kai ni. Kusoshin suna cikin ƙullin leda, na haɗa da abin murɗawa, kada Abdulƙadir ya ce sai ya aro.

Duk Juma'a ki danna maɓallin. Ki goge musu ƙura da busasshen tsumma, kada a shafa musu fenti. Idan kika ji ɗan ƙara guda ɗaya jefi-jefi kamar na ɗan tsako, batir ne ya yi sanyi, ki sauya a ranar. Ko ba ta nema ba, ki sauya duk shekara idan an fara yankan dawa. Na sa miki batura takwas a kwalin, na ƙulle su daban. Ba na tocila ba ne, ba na agogo ba, ba na rediyon kowa ba. Idan baƙo ya yi dariya, ki bar shi ya yi. Idan mijinki da kansa ya ce a cire na kwana ɗaya, ki nuna masa wannan takarda, na yafe ya karanta. Abu biyu kuma: ba ta jin warin gas ɗin tukunyar girki, wannan hancinki ne zai ji, kuma injin wuta idan kun samu, can nesa da taga za a ajiye shi, don numfashinsa da na gawayi guba ɗaya ce.

Ban rubuto don ki yafe mini ba. Na auna, na ga idan ni ne ke, ba zan yafe ba. Na ɗauke miki uwa, na ɗauke miki karatu, na bar ki shekara uku kina tuhumar hannunki. Ba ni da abin da zan mayar. Karatun ne kaɗai wataƙila bai mutu ba, idan yaron ya yi ƙwari ki koma, ke kika fi kowa gaskiya a gidan nan tun farko. Ni kuwa na daina ƙera kanun tun makon jiya, na koma gyaran bokitai. Masu zuwa tambaya ina faɗa musu abin da na sani yanzu, wasu su saurara, yawanci su ce Usta ya tsufa.

Idan kin ga ba za ki iya zuwa da Sallah ba, kada ki zo, ba zan ce wa kowa komai ba. Idan ba ki son yaron ya san ni, hakkinki ne. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba don na cancanta ba. Ranar da aka kafa su, ki kira wayata. Ba sai kin gaishe ni ba, ba sai kin ce uffan ba. Ki ɗaga wayar kusa da ita, ki danna maɓallin in ji kukanta, sannan ki kashe. Zan gane.

Allah Ya jiƙan Innarki, Ya haskaka kabarinta, Ya saka mata da ɗakin da ya fi wanda na gina mata. Allah Ya raya Muhammadu, Ya tashe ku kowace safiya ku uku cif. Allah Ya tsare shigarku da fitarku, Ya tsare barcinku, Ya kare ki daga kuskuren na nesa da na kusa. Wayar tana aljihun gaban rigata, ba na kashe ta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haruna maƙeri, Gadarif.